Firakin, ruwan sha da lafiyar jama'a: tambayoyi da amsoshi ga mutanen Jos da kewaye

Tun daga ranar 22 ga Nuwamba, 2022, da marigayi shugaba Muhammadu Buhari ya je Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe, ya ƙaddamar da aikin haƙar mai, zancen man Arewa ya wuce hirar teburin mai shayi. A Maris na 2023 kuma aka kafa injin haƙa a rijiyar Ebenyi da ke Ƙaramar Hukumar Obi a Nasarawa. Bauchi da Nasarawa duk maƙwabtan Filato ne, shi ya sa mutanenmu suka fara tambaya kan firakin, hanyar haƙar gas da mai da ta raba kan jama'a a Amurka da Turai. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Mene ne firakin, kuma me ya raba shi da haƙar mai da aka saba?

A Neja Delta man yana kwance ne cikin dutsen yashi mai ƙofofi, da an huda sai ya biyo bututu. Amma akwai wani dutse da ake kira shel, laka ce da ta daskare tsawon miliyoyin shekaru, wanda ko an huda shi ba ya sakin abin da ke cikinsa. Don haka sai a haƙa rijiya ta miƙe ƙasa kilomita biyu ko uku, a lanƙwasa bakin injin ya bi shimfiɗar dutsen a kwance, sannan a tura ruwa da ƙarfin gaske har dutsen ya tsattsage. A cikin ruwan akwai yashi, shi ke shiga tsagogin ya tokare su kada su koma su rufe. Akwai kuma sinadarai, waɗanda ba su kai kashi 2 cikin ɗari ba: asid, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da abin da ke sa ruwan santsi ya gudu cikin bututu.

Dabarar ba sabuwa ba ce. An fara gwada ta a jihar Kansas ta Amurka a 1947, kamfanin Halliburton ya mayar da ita sana'a a 1949. Abin da ya sauya komai shi ne nasarar da kamfanin George Mitchell ya samu a dutsen Barnett na Texas a ƙarshen shekarun 1990, da kuma haɗa ta da haƙa a kwance da aka yi daga baya.

Ana yin sa a Nijeriya?

Irin na Amurka, mai ɗaruruwan rijiyoyi a kan dutsen shel, ba a yin sa a nan. Aikin Kolmani da na Ebenyi haƙa ce irin ta gargajiya. Sai dai dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin ɗari na ribar mai da gas ta kamfanin NNPC don neman mai a sababbin wurare, irin su kwarin Binuwai, Bida, Sakkwato da yankin Tafkin Chadi, kuma akwai shimfiɗun shel a waɗannan wurare. Ranar da farashi ya yi kyau, wani kamfani zai zo da takardarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai mai ko gas a ƙarƙashin Jos?

Babu. Tsaunin Jos dutse ne mai ƙwari da ya samo asali daga narkakken dutse, gidan kuza ne, ba gidan mai ba. Amma da an gangara kudu, wajen Wase, Kanam, Langtang ta Kudu, Shendam da Qua'an Pan, an fara taka bakin kwarin Binuwai, kuma can lissafin daban ne.

Masu haƙa bohol ma ai suna tura ruwa su fasa dutse. Ba duk ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne. Nasu ruwa ne zalla, kaɗan, a zurfin 'yan mitoci, don buɗe wa ruwan sha hanya. Babu gas a wurin, babu sinadarai.

Idan dutsen yana can ƙasa kilomita biyu, ta yaya zai taɓa rijiyata?

Wannan ita ce hujjar da kamfanoni suka fi riƙewa, kuma akwai gaskiya a cikinta. Yawancin rijiyoyin burtsatse na Jos ba su wuce mita ɗari ba, kuma da wuya tsaga ta taso daga can ƙasa ta ratsa duwatsu masu kauri ta iso ruwan sha. Matsalar ita ce, don a kai ga dutsen dole rijiyar gas ta huda ta cikin ruwan da mutane ke sha. Abin da ya raba su biyun bututun ƙarfe ne da simintin da aka zuba kewaye da shi. In simintin bai kama da kyau ba, ko ya tsufa ya tsage, sai iskar metan, wato gas mai kama wuta, ta bi gefen bututun ta hau.

Haka ya faru a ƙauyen Dimock na jihar Pennsylvania a Amurka. A ranar farko ta shekarar 2009 rijiyar wani gida ta fashe saboda gas da ya taru a cikinta, hukumar muhalli ta jihar kuma ta ɗora laifin shigar gas cikin rijiyoyin gidaje da dama a kan kamfanin Cabot. An yi ta ja har Nuwamba 2022, lokacin da kamfanin, wanda ya riga ya koma Coterra, ya ƙi musanta tuhumar da aka yi masa a kotu, ya amince zai biya sama da dala miliyan 16 don a ja wa ƙauyen ruwan famfo. Kusan shekara 14 ke nan wasu gidaje suna rayuwa da ruwan tanka da na kwalba. Tun a 2011 masu bincike na Jami'ar Duke suka gano cewa rijiyoyin sha da ke cikin kilomita ɗaya daga rijiyar gas a wannan yanki sun fi sauran yawan metan nesa ba kusa ba.

Sauran hanyoyin duk a saman ƙasa suke: tankar sinadarai ta kife, ramin tara dagwalo ya yi yoyo ko ruwan sama ya cika shi ya tumbatsa, ko direba ya juye abin da ya ɗauko a rafi da dare don ya rage tafiya. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fitar da babban rahotonta a Disamba 2016, ta ce aikin na iya gurɓata ruwan sha a wasu yanayoyi, ta kuma lissafa irin waɗannan. A daftarin 2015 ta rubuta cewa ba ta ga shaidar illa mai faɗi da ta game ko'ina ba. Masanan da ke ba ta shawara suka ce alƙaluman hannunta ba su isa a faɗi haka ba, sai ta cire jimlar. Har yau masu goyon bayan firakin daftarin suke kawowa.

Ruwa nawa ake bukata?

Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2014 matsakaiciyar rijiyar gas da aka haƙa a kwance ta sha kusan galan miliyan 5, wato wajen lita miliyan 19. In da tankar mai ce mai cin lita 33,000 za ta yi jigilarsa, sai ta yi sawu fiye da 570, don rijiya ɗaya tak. A Pennsylvania mai yawan koguna ana iya jurewa. A Alkaleri ko Wase cikin watan Maris, lokacin da makiyayi da mai noman rani ke zuba ido kan kududdufi ɗaya, tambayar wa zai fara ɗiba ba ƙarama ba ce. Mutanen In Salah da ke saharar Aljeriya sun shafe watanni suna zanga-zanga a 2015 a kan wannan fargaba.

Ina ruwan yake zuwa bayan an gama?

Wani yana zama a ƙasa, wani yana dawowa, kuma wanda ya dawo ya fi wanda aka tura muni. Yana tasowa da gishirin da ya ninka na teku, da sinadarai irin su benzin, wani lokaci har da radiyom, mai fitar da tururin da ke haddasa ciwon daji. Injinan tace ruwa na gari ba don irin wannan aka gina su ba. Shi ya sa a Amurka aka fi tura shi cikin wasu rijiyoyi masu zurfi a bar shi can.

Daga nan sai wata matsalar ta ɓullo. Kafin 2009 jihar Oklahoma ba ta wuce girgizar ƙasa biyu mai maki 3 zuwa sama a shekara ba, a matsakaici. A 2015 ta ga wajen 900. A Satumba 2016 wadda ta afka wa garin Pawnee ta kai maki 5.8. Masana sun danganta yawancinsu da tura dagwalon rijiyoyin mai da gas cikin ƙasa, kuma da hukuma ta tilasta rage turawar, girgizar ta ja baya.

To girgizar Mpape ta 2018 fa?

Ba ruwan firakin a ciki, don ba a yin sa a Abuja. Hukumomi dai sun dakatar da fasa duwatsu da nakiya a yankin a lokacin.

Me aka tabbatar game da lafiya, me kuma ake zato?

Shaidar da ta fi ƙarfi ta jarirai ce. A 2017 masana tattalin arziki uku, cikinsu har da Janet Currie ta Jami'ar Princeton, suka duba takardun haihuwa fiye da miliyan ɗaya a Pennsylvania daga 2004 zuwa 2013. Matan da ke zaune cikin kilomita ɗaya daga rijiyar gas, yiwuwar su haifi jariri marar nauyi ta ƙaru da kashi 25 cikin ɗari bayan an fara aikin. Illar tana raguwa da nisa, bayan kilomita uku ba a ganin ta. Abin da ya ba binciken nauyi shi ne sun kwatanta 'ya'yan uwa ɗaya, wanda aka haifa kafin rijiya da wanda aka haifa bayanta.

Masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins sun gano a 2016 cewa masu asma da ke kusa da manyan rijiyoyi ciwonsu ya fi tashi. Na Jami'ar Yale kuma a 2022 suka ga yaran da aka haifa kusa da rijiyoyi sun ninka sauran yiwuwar kamuwa da wata sankarar jini. Wannan na ƙarshe a karanta shi da lura. Cutar ba ta da yawa, kuma ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Duk da haka bincike da yawa daga jihohi daban-daban hanya ɗaya suke nunawa, kuma wanda zai ce duk sa'a ce, shi ya kamata ya kawo tasa hujjar.

Abin da mutane ba su cika lura ba: da yawa daga wannan illar ta iska ce, ba ta ruwa ba. Hayaƙin manyan motocin dizal dare da rana, injinan matsa gas, wutar da ake ƙonawa a bakin rijiya, ga ƙara da hasken da ke hana barci. Ma'aikata kuma suna shaƙar ƙurar yashin, wadda ke taurara huhu ba warkewa. Hukumomin lafiyar ma'aikata na Amurka sun fitar da gargaɗi a kanta a 2012. 'Ya'yanmu da za a ɗauka aikin lebura su ne za su tsaya kusa da wannan yashi.

Amurka ba ta da dokar kare ruwan sha ne?

Tana da ita tun 1974, kuma ita ke kula da duk abin da ake turawa cikin ƙasa. Amma a 2005 majalisar ƙasar ta zartar da dokar makamashi da ta cire firakin daga ƙarƙashinta, sai dai in an sa man dizal a cikin ruwan. Mataimakin shugaban ƙasa a lokacin, Dick Cheney, shi ne ya shugabanci Halliburton kafin ya hau mulki, shi ya sa masu suka suke kiran wannan sassauci da sunan kamfanin. Daga nan kowace jiha ta yi tata dokar.

Wasu abubuwan sun cancanci a kwaikwaya. Dokar Pennsylvania ta 2012 ta ce duk rijiyar sha da ta lalace cikin ƙafa 2,500, kusan mita 760, daga rijiyar gas, a cikin wata 12 da yin aiki, ana ɗauka laifin kamfani ne har sai ya wanke kansa. Nauyin kawo hujja ya tashi daga kan talaka ke nan. Colorado kuma a 2020 ta tsayar da tazarar ƙafa 2,000 tsakanin rijiya da gidaje ko makarantu.

Wasu kuma abin gudu ne. Ita dai wannan doka ta Pennsylvania ta ce likitan da yake son sanin sinadarin da ya taɓa majinyacinsa sai ya amince ba zai faɗa wa kowa ba, wai sirrin kasuwanci ne. Sai a 2016 kotun ƙolin jihar ta soke wannan sashe. Har yanzu a jihohi da dama kamfani na iya ɓoye sunan wani sinadari da wannan hujja.

Waɗanne ƙasashe ne suka hana?

Faransa ce ta fara a 2011, Bulgeriya ta biyo baya a 2012, Ireland a 2017, Jamus ma ta hana irin na dutsen shel daga 2017. A Amurka jihar New York ta hana a ƙarshen 2014 bayan ma'aikatar lafiyarta ta yi nazari. Ingila ta fara da sharuɗɗa masu tsauri: ba a yi a zurfin da bai kai mita 1,000 ba, sai an auna metan a ruwan ƙasa na wata 12 kafin a fara, kuma da girgiza ta kai maki 0.5 a tsaya. A Agusta 2019 aka samu mai maki 2.9 kusa da Blackpool, a Nuwamba gwamnati ta dakatar da aikin. Firaminista Liz Truss ta ɗage dakatarwar a Satumba 2022, magajinta Rishi Sunak ya maido da ita a Oktoba.

Labarin Afirka ta Kudu ya fi kusa da namu. Ministan ma'adanai ya fitar da ƙa'idojin firakin don yankin Karoo a 2015, manoma da masu rajin muhalli suka kai ƙara, babbar kotun ɗaukaka ƙara ta soke ƙa'idojin a 2019. Dalilinta shi ne tsara kare muhalli aikin ministan muhalli ne, ba na wanda ke tallata haƙa ba.

Me dokar Nijeriya ta tanada?

Babu wata doka da Majalisar Tarayya ta keɓe wa firakin. In ya zo yau, a ƙarƙashin dokokin man fetur na gaba ɗaya zai zauna.

Sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa duk ma'adanai da mai da gas a hannun Gwamnatin Tarayya. Dokar masana'antar man fetur da aka sa wa hannu ranar 16 ga Agusta, 2021, ta kafa hukumar NUPRC don kula da haƙa. Ta wajabta wa kamfani ya gabatar da tsarin kula da muhalli, ya nemi izini kafin amfani da sinadarai, ya zuba kuɗi a asusun gyara ɓarna da na rufe rijiya, ya kuma ba al'ummar da yake aiki a cikinta kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsa na shekarar da ta gabata. Dokar nazarin tasirin muhalli ta 1992 ta ce a yi nazari kafin a fara. Hukumar NOSDRA, da aka kafa a 2006, ita ke bin malalar mai, kuma dole a sanar da ita cikin awa 24.

A takarda ba laifi. Amma ga inda gizo ke saƙa. Hukumar NESREA, wadda ita ce 'yar sandan muhalli ta ƙasa, dokar 2007 da ta kafa ta ta cire harkar mai da gas daga yawancin ikonta. Saura ya koma hannun NUPRC, wadda ita ke rabon lasisi, ita ake yaba wa in ganguna sun ƙaru. Akwai ma'aikata masu gaskiya a cikinta, amma tsarin da ya haɗa mai neman a haƙa da mai cewa a tsaya a ofis ɗaya an ba kura ajiyar nama ne. Sannan tarar da dokar NOSDRA ta yanka, naira 500,000 a kowace rana ga wanda ya ƙi ba da rahoto, ba ta kai kuɗin dizal ɗin injin haƙa ba.

Sakamakon irin wannan kulawa a bayyane yake. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni a 2011 ya sami benzin a rijiyoyin Nisisioken Ogale da ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, ya kuma ce gyara zai ci shekara 25 zuwa 30. Wannan haƙa ce ta gargajiya, wadda ba ta kai firakin yawan rijiyoyi da dagwalo ba.

A ganina abubuwa huɗu ne ya kamata su shiga doka tun kafin a ba da lasisin farko: auna ruwan kowane ƙauye a hannun wanda ba kamfani ke biyansa ba, bayyana sunan kowane sinadari ga jama'a, tazarar da ba ta kasa kilomita ɗaya ba daga gida ko rijiyar sha, da ɗora wa kamfani nauyin wanke kansa in ruwa ya ɓaci.

Wa zai rufe rijiyar in kamfani ya tattara ya tafi?

Mutumin Jos ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka haƙi kuza da kolombait a Bukuru, Rayfield, Barkin Ladi da kewaye. Da kasuwa ta faɗi a shekarun 1980 aka watse, aka bar ɗaruruwan tafkuna da tudun jibga, wanda a cikin wasunsa akwai yashin monazait mai fitar da tururi, kuma mutane sun ɗebi irin wannan yashi sun yi gini. Tafkunan sun ci yara. (Sun kuma ciyar da masu noman rani, gaskiya ce, tumatir da kabeji da dankalin Turawa da yawa ruwansu suka sha.) Tafki ko ba komai ana ganin sa a kauce masa. Rijiyar gas da aka bari ba a toshe ba ƙarfe ne da ke tsatsa a cikin ƙasa, ba mai gani.

A 2021 Amurka ta ware dala biliyan 4.7 daga kuɗin jama'a don toshe tsofaffin rijiyoyin mai da gas da masu su suka ɓace ko suka karye. Asusun rufe rijiya da dokarmu ta tanada zai yi amfani ne kawai in an karɓi kuɗin tun rijiyar tana kawo riba, don rijiyar shel tana yin ƙarfinta ne a shekarun farko, daga nan ta zube da sauri.

Malam, kai ke nan ba ka ga wani alheri a cikinsa ba?

Akwai shi. Firakin ne ya mayar da Amurka ta ɗaya a duniya wajen haƙar ɗanyen mai daga 2018, ta ɗaya wajen fitar da gas ta jiragen ruwa a 2023, kuma gas mai araha ya kori gawayi daga tashoshin lantarki da yawa. Uwar gidan da ke shaƙar hayaƙin itace kullum a Gangare ko Tudun Wada ita ma batun lafiya ce, gas ɗin girki mai sauƙin kuɗi zai tsawaita ranta.

Sai dai gas bai yi mana ƙaranci ba. Muna da sama da ƙafa kubik tiriliyan 200 da aka tabbatar, wanda ba ya bukatar a fasa wani dutse, har ma muna ƙona shi a banza a Neja Delta, duk da dokar 1979 ta sa Janairun 1984 a matsayin wa'adin dainawa. Abin da ya hana shi isowa Arewa rashin bututu ne, irin na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614.

In an zo ƙauyenmu, me za mu yi?

Ku san cewa gonar taku ce, amma abin da ke ƙarƙashinta ba naku ba ne, kuma Dokar Filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓe fili don aikin mai, a biya diyyar amfanin gona da gini. Don haka ƙarfinku yana kan sharuɗɗa ne.

Abu na farko shi ne a auna ruwa kafin injin ya iso. A ɗebi na kowace rijiya da bohol da rafi, rani da damina, a kai ɗakin gwaji na jami'a ko wanda gwamnati ta amince da shi, a nemi a duba metan, gishiri, benzin da ƙarafa masu guba, a ajiye sakamakon wurin dagaci da kuma wurin wani daban. Ba tare da wannan takarda ba, duk ranar da ruwa ya sauya za a ce dama can haka yake. Asibitin yankin ma ya riƙa rubuta nauyin jarirai. A Zamfara a 2010 yara sun daɗe suna mutuwa kafin a gane gubar dalma ce, kuma aƙalla 400 aka rasa.

Rahoton nazarin tasirin muhalli ana baje shi na kwana 21 na aiki, galibi a sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli. Ku tura masu ilimi cikinku su karanta, ku rubuta ƙorafi ku karɓi shaidar miƙawa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa tambayarku. Kada dattawa su sa hannu kan takardar da ba a karanta musu da harshensu ba.

Ana cin nasara a kotu?

Ana ci, amma da jinkiri. Shari'ar mai da ma'adanai ta Babbar Kotun Tarayya ce. A 2005 reshenta na Benin ya yanke a ƙarar Jonah Gbemre cewa ƙona gas tauye haƙƙin rayuwa ne, amma wutar ba ta mutu ba. A 2018 Kotun Ƙoli ta amince ƙungiya mai zaman kanta na iya kai ƙara kan gurɓatar ruwan wata al'umma, wannan ya buɗe ƙofa. Manoma huɗu na Neja Delta da suka kai Shell ƙara a Holan a 2008 sai a Janairu 2021 suka yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara, aka daidaita kan yuro miliyan 15 a ƙarshen 2022, bayan wasunsu sun rasu.

Gwamnatin Filato za ta iya hanawa yadda New York ta yi?

Kai tsaye ba za ta iya ba, don ma'adanai da mai suna cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. A Fabrairu 2025 Gwamna Caleb Mutfwang ya dakatar da haƙar ma'adanai a jihar, amma da hujjar tsaro ya yi, kuma Abuja ta sha nanata cewa lasisin ma'adanai ba hurumin jihohi ba ne. Abin da ke hannun jiha shi ne fili, tsarin gine-gine, hanyoyin da tankoki za su bi, madatsun ruwanta da asibitocinta. Majalisar jiha na iya yin dokar da ta hana zubar da dagwalo kusa da rafi, ta tsayar da tazara tsakanin irin wannan aiki da gidaje, ta kuma sa kuɗi a kasafi don auna ruwan ƙananan hukumomin kudu tun yanzu. Sauran kuwa sai a bi ta hannun sanatoci uku da 'yan majalisar wakilai takwas da jihar ke da su a Abuja.